Basfar baba, gunkin Nok da gwanjon dala miliyan: yaushe tsohon abu ke zama dukiya?

A farkon shekarar 2025 aka yi wani gwanjo a birnin Las Vegas na Amurka, inda aka sayar da babur ƙwaya ɗaya, ruwan ɗorawa, mai suna Cyclone, ƙirar 1915, a kan dala miliyan 1 da dubu 320. A canjin wancan lokaci kuɗin sun doshi naira biliyan 2. Shekara biyu kafin nan, a wannan gari dai, wani babur na kamfanin Harley-Davidson ƙirar 1908 ya tashi a kan dala dubu 935.

Irin wannan labari a guntule yake isowa waya: hoton babur, adadin kuɗi, shi ke nan. A gari kamar Kaduna kuwa, inda ba a rasa tsohuwar Vespa, wadda muke kira Basfa, ko Honda jingine a zaure an lulluɓe ta da buhu, tambayoyi ne ke biyo baya. Ta gidanmu fa, nawa za ta yi? Idan wani ya taya, doka ta yarda a sayar masa ya fita da ita waje, ko ta shiga sahun kayan tarihin da ake kama mutane a kansu? Me ya sa ɗan gwangwan zai ɗora ta a sikeli ya yi mata kuɗin kilo, alhali ana cewa a Turai neman irinta ake ido rufe? Tambayoyin duk jijiyarsu ɗaya, kuma jihar Kaduna na da misalin da ya fi kowane fito da amsar fili, wato gumakan Nok, na gasasshen yumɓu da mutanen da suka bari a kudancin jihar.

Abu huɗu ne ake kira da suna ɗaya

Ruɗanin ya fara ne daga kalmar "tsoho". Akwai akwala, babur ɗin da aiki ya cinye, aka yi ta cire masa wannan ana liƙa masa wancan har ba a gane asalinsa. Darajarsa nauyin ƙarfensa ce. Akwai na hannu, ɗan Beljiyam ko ɗan Kwatano, wanda aka hau a wani wuri aka kawo. Shi farashinsa ya dogara ne da sauran aikin da zai iya yi.

Na uku shi ne wanda masu tara tsofaffin ababen hawa ke nema. Ƙungiyarsu ta duniya, FIVA, ta gindaya sharuɗɗa: ya kai shekara 30 da ƙerawa, an adana shi a kamanninsa na asali, kuma ba da shi ake zirga-zirgar yau da kullum ba. A Birtaniya, abin hawan da ya haura shekara 40 ana iya yi masa rajistar na tarihi, a ɗauke masa harajin hanya da gwajin lafiya na shekara-shekara. Da wannan ma'auni, kusan duk Basfar da ke Tudun Wada ko Unguwar Shanu ta cika sharaɗin shekaru. Sharaɗi na biyu ne ke kayar da mafi yawansu.

Na huɗu shi ne kayan tarihi a idon dokar Najeriya, kuma nan ne mutane suka fi tsorata ba gaira ba dalili. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta yi magana ne a kan abin da aka tono na mutanen da, da aikin hannu na 'yan ƙasa wanda aka yi kafin 1918, ko wanda aka yi amfani da shi a bukukuwan gargajiya. Irin waɗannan ba a saye ko sayar da su sai ta hannun wanda hukumar ta amince wa, ba a kuma fita da su ƙasar waje sai da izini. Babur ɗin da aka ƙera a Italiya ko Japan a 1975 ba ƙirar gida ba ne, bai kuma kai 1918 ba. Dukiyar mai shi ce kamar keken ɗinki ko rediyo.

Yadda suka cika garin

Kaduna garin albashi ne tun asali. Hedikwatar Jihar Arewa ce, ga ma'aikatan jirgin ƙasa, ga barikokin soja, sannan masaƙu suka zo: ta farko a Kakuri a 1957, UNTL a 1964, sai kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975. Mai albashi yana iya cin bashin abin hawa a riƙa cirewa a wata, abin da manomi ko ɗan tireda ba ya samu. Da kwamitin Jerome Udoji ya miƙa rahotonsa a 1974 aka yi ƙarin albashi har da ariyas, malamin firamare da akawu da malamin asibiti da yawa sun ajiye keke sun hau mashin. Basfa ta dace da mai babbar riga: babu sarƙa a waje da za ta kama masa wando, gaba a rufe, ƙafa biyu a wuri ɗaya. Honda CD 175 da ƙanwarta Rodmasta suka zama na masu doguwar tafiya, Kaduna zuwa Zariya ko Kaciya.

Daga 1986, da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP ya karya darajar naira, sabon babur na Japan ko Italiya ya fi ƙarfin ma'aikaci. Acaɓa ta bunƙasa, Jincheng da sauran ƙirar Sin suka shigo da araha, daga baya Bajaj Boxer ta Indiya ta mamaye titi. Kayan gyaran tsofaffin suka yi wuya. Masaƙun ma suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Yawancin baburan da ke zaure yau ba lalacewa suka yi ba: fistin ko kafireta aka rasa wata rana, aka jingine da niyyar gyarawa, shekara ashirin ta wuce.

Me ke sa kuɗi a jikin ƙarfe?

Abu na farko ƙaranci ne. Kamfanin da ya ƙera Cyclone a jihar Minnesota bai yi shekara goma yana aiki ba, kuma waɗanda suka rage a duniya ba su kai 20 ba. Kwatanta da Honda Super Cub, kakar duk wata roba-roba da ke kan titi: an fara ta a 1958, zuwa 2017 an ƙera miliyan 100. Ita ce ta fi kowane babur canza rayuwar talaka, amma abin da ke ko'ina ba ya tsada a gwanjo. Haka Honda CG 125, wadda aka fitar a 1975 bayan injiniyoyin kamfanin sun zagaya kudu maso gabashin Asiya sun ga yadda ake lodin iyali da kaya a babur ba a damu da canza baƙin mai ba. Suka ƙera injin da ke jure sakaci, kamfanonin Sin suka kwaikwaye shi ba adadi. Nagartarta ce ta hana ta tsada.

Na biyu asali: lambar jiki da ta inji su kasance na samfuri ɗaya, fenti da fitila da sirdi na kamfani. Na uku takarda, wato rasit ɗin saye, tsohon lasisi, hoton mai shi a kai. Na huɗu, wanda ya fi wuyar aunawa, shi ne labarin da duniya ke ba kanta game da abin. A nan ne masu zane da masu fim suka shigo.

Wanda ya zana Basfa a 1946, Corradino D'Ascanio, injiniyan jirgin sama ne da ba ya son babur, don yana ganin ƙazanta ne da wahalar canza taya. Sai ya manna inji a gefen tayar baya ya kawar da sarƙa, ya riƙe tayar gaba da hannu ɗaya kamar ƙafar jirgi, ya kai giya kan hannu, ya yi gangar jikin da fallen ƙarfe mai ɗaukar nauyin kansa. Sunan a Italiyanci na nufin zanzaro, saboda siririn ƙugu da ƙugin inji. Yau akwai Basfa ƙirar 1955 a gidan adana fasahar zamani na MoMA da ke New York. A 1998 kuma gidan Guggenheim na wannan birni ya baje babura sama da 100 a matsayin aikin fasaha. Jama'a sun yi cincirindo, wasu masana kuwa suka ce talla ce kawai, tun da kamfanin BMW ne ya ɗauki nauyi. Ko ma wanne ne, daga lokacin attajiran da ke sayen zane suka ƙara waiwayar babur.

Katun ma ya yi nasa aikin. Jan babur ɗin fim ɗin Akira na Japan, na 1988, babu shi a zahiri lokacin da aka zana shi, amma daga baya masu sha'awa suka ƙera irinsa na gaske. A Luca, na kamfanin Pixar a 2021, burin yaran labarin kaf shi ne su mallaki Basfa, kuma miliyoyin yaran da ba su taɓa jin warin hayaƙinta ba suka san sunanta. Kayan aikin katun ɗin kansa ya bi wannan hanya. Kafin kwamfuta, kowane motsi da hannu ake fentinsa a kan fallen roba wanda ake hango abin da ke bayansa. Akira kaɗai ya ci sama da 160,000. Kamfanoni da dama sun riƙa wanke fallayen ko zubar da su, Disney ma ta taɓa sayar da nata ga 'yan yawon buɗe ido a kan kuɗi ƙalilan. Da aka koma kwamfuta daga wajajen 1990 aka daina yin su, sai abin da yake shara jiya ya shiga gwanjo. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Kasuwar tsofaffin kaya a kan wannan tunawar take cin abinci, kuma mai tunawar sai yana da kuɗi farashi ke tashi.

Wannan ne ya sa Basfa ɗaya take da farashi biyu. A birnin Milan na Italiya akwai dubban mutanen da ke begenta, ga shagunan kayan gyara, ga masu tantancewa. A Kaduna masu begenta dattawa ne 'yan fansho. Ko a Turai ma, Basfa ta gama-gari mai lafiya kuɗinta 'yan dubban yuro ne, ba miliyan ba, kuma kafin ta isa can sai an cire kuɗin jirgin ruwa, kwastan, gyara da la'adar dillali.

Darasin Nok

A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba ta kudancin jihar Kaduna. Ba wanda ya san matsayinsa. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg, wani jami'in Ingila da ya karanci ilimin tono kayan tarihi, wani kan daga yankin Jama'a. Kafin nan, a gonar doya aka kafa shi a kan mutum-mutumi yana korar tsuntsaye. Fagg ya lura da kamanninsa da na farkon, daga nan aka gane cewa al'umma guda ce ta yi su. Abin da ya yi gadin doya yau yana cikin tsofaffin sassaƙe-sassaƙe mafiya daraja a Afirka kudu da Sahara.

Masu bincike na Jami'ar Goethe da ke Frankfurt a Jamus, waɗanda suka fara aiki a yankin a 2005 tare da hukumar gidajen tarihi, sun nuna cewa mutanen Nok sun zauna a wurin tun kimanin shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, suna noman gero da wake, daga baya kuma suka narka ƙarfe. A 2021, tare da masana na Jami'ar Bristol, aka gano ragowar kakin zuma a jikin tsingaron tukwanensu, shaidar cewa shekara 3,500 da suka wuce ana cin zuma a wannan ƙasa. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana. Wannan karon tsohuwar zuma tarihi ta bayar.

Abin lura shi ne, ba daga kyakkyawan gunki aka samo wannan ilimi ba. Daga fasasshen kasko aka same shi, wanda aka san ramin da ya fito da zurfinsa da abin da ke kusa da shi. Mafi yawan wuraren da masu binciken suka isa sun tarar masu haƙar sayarwa sun riga su, sun ɗauke kawuna sun watsar da saura. Gunkin da aka fizge haka ya rasa rabin maganarsa, kamar babur ɗin da aka goge wa lamba aka ƙona takardunsa.

Hatta hanyar jabu iri ɗaya ce. Ana gane shekarun gasasshen yumɓu ne ta hanyar ɗibar ɗan gari daga jikinsa a zafafa shi a ɗakin gwaji. Hasken da ya fitar shi ke nuna tsawon lokacin da ya yi tun rabonsa da wuta. Sai masu jabu suka koyi dasa tsofaffin gutsattsari na gaske a wuraren da ake yawan ɗiba, su cike saura da sabon yumɓu. Na'urar hoton asibiti mai leƙa ciki ce ke tona su. A babur ma haka: jikin wannan, injin wancan, sabon fenti a sama. Ga kuma Basfar da aka ƙera a Indiya da lasisin Piaggio, kamfanin da ke ƙera Basfa ta asali, ko a kan samfurinsa, irin su Bajaj Chetak da LML, waɗanda ido ba ya saurin bambantawa amma kasuwa na bambantawa.

Inda gunki da babur suka rabu shi ne doka. Gumakan Nok suna cikin jan jerin da majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta fitar a 2000 na kayan Afirka da aka fi sacewa. A wannan shekarar ce aka yi ta ce-ce-ku-ce da aka baje wasu a gidan Louvre na Faris, har a 2002 Faransa ta amince mallakin Najeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25. Wanda ya ci karo da gunki a gonarsa, hukuma zai sanar, kuma Gidan Tarihi na Ƙasa yana nan a titin Ali Akilu. Wanda ya gaji Basfa kuwa ba ya buƙatar izinin gidan tarihi.

Inda ra'ayi ya bambanta

Masu cewa a sayar suna da hujja mai ƙarfi. Ƙarfe ba ya haihuwa, kowace damina tsatsa na ƙara cin sa, ga kuɗin makaranta da na magani. Ajiye abin da ba a mora, a ganinsu, almubazzaranci ne, kuma gara a sayar wa wanda zai kula da shi ko da a wata ƙasa ne. Masu cewa a riƙe suna amsawa da cewa kuɗin kilo ba zai kai mako biyu a gida ba, abin da aka narka kuwa ya tafi ke nan. Suna ƙarawa da cewa tarihin Arewa ba na sarakuna da dawaki kaɗai ba ne. Rayuwar ma'aikacin masaƙa da malamin makaranta ma tarihi ce, kuma babur ɗinsa na cikin 'yan shaidun da suka rage. Hujjar farko ta fi ƙarfi a kan akwala da gidan da ke cikin matsi. Ta biyu ta fi ƙarfi a kan babur mai cikakkun kaya da takardu, domin shi ne wanda sikeli ya fi zalunta.

Tsakanin masu gyara ma akwai saɓani. Ɗabi'armu ita ce a kai wa mai fenti ya fesa sabo, a sa sitika, a yi wa sirdi sabuwar leda, ya fito fes. Masu tarawa da yawa a waje sun fi biyan kuɗi a kan fentin asali ko da ya koɗe, don sau ɗaya kamfani ke fentin abu. Wanda zai hau abinsa ranar Juma'a yana da 'yancin ƙawata shi yadda ya so. Wanda ke tunanin sayarwa, fentin na iya rage masa kuɗi maimakon ƙarawa.

A kan Nok, mai haƙa zai ce talauci ne, kuma ƙasar kakanninsa ce. Gidajen tarihi na waje sun daɗe suna cewa a wurinsu kayan sun fi samun kulawa da masu kallo. Masu bincike na cewa wannan sayen ne ke ɗaukar nauyin haƙar, kuma abin da ke isa hannun mai haƙa ɗan tsiriri ne a kan farashin ƙarshe. Akwai kuma waɗanda ke ƙyamar duk abin da aka kira gunki saboda addini. Masu adanawa na amsa musu cewa ajiyewa don ilimi daban, girmamawa don bauta daban.

Abin da ya shafi mai babur a zaure

Farko dai gado. Babur ɗin mamaci na dukkan magada ne, har da mata da ƙanana, ko da ɗa ɗaya ne ke share masa ƙura. Yaya ba shi da hurumin miƙa wa ɗan gwangwan ba da sanin saura ba, kuma idan kuɗi mai kauri ya fito daga baya, nan rigima ke tashi.

Sai damfara. A 2009 jita-jita ta bazu a Saudiyya cewa tsofaffin kekunan ɗinki na Singer na ɗauke da jar zaiba mai tsadar gaske. Farashi ya yi tashin gwauron zabo kafin hukumomi su bayyana cewa yaudara ce. Babu wani abu mai wannan suna da wannan siffa. Irin wannan magana kan dawo lokaci-lokaci a kan dutsen guga, tsohon agogo ko rediyo. Alamarta ɗaya ce: mai saye na nesa, kuɗin da ya yi alkawari ba su da kai, amma sai ka fara biyan na "gwaji" ko na "takardar fitarwa". Mai saye na gaskiya lamba yake tambaya da hotuna, ba ya karɓar ko sisi daga mai kaya.

Hawa kan titi ma yana da nasa sharuɗɗa. A 2014 gwamnatin Mukhtar Ramalan Yero ta hana acaɓa a cikin Kaduna da wasu manyan garuruwan jihar. Wannan ya shafi haya ne. A ƙarshen Satumban 2021 kuwa gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta dakatar da hawan babur baki ɗaya na wani lokaci, na haya da na gida, saboda matsalar tsaro. Dokokinmu ba su ware wa tsohon babur matsayi na musamman irin na Birtaniya ba, don haka jami'in KASTLEA, hukumar kula da dokokin hanya ta jihar, ko na kiyaye haɗurra lamba da takardu zai tambaya, ba shekarar ƙira ba. Cinikin ƙarafa shi ma ana ƙara sa masa ido: Borno ta hana jari-bola a 2023, Abuja ta rufe kasuwannin panteka na mako biyu a farkon 2025, duk saboda kayan sata. Babur mara rasit yana iya jawo wa mai sayarwa da mai saye tambayoyi.

Ga kuɗin mai. Tsohuwar Basfa injinta na cin fetur haɗe da baƙin mai, kimanin mililita 20 a kowace lita, shi ya sa take hayaƙi, kuma ta fi Boxer sha. Tun da aka janye tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 nan take, ta kuma wuce 1,000 a ƙarshen 2024. Ba abin hawan zuwa aiki ba ce kuma.

Akwai ɓangaren da zai iya amfana. A Tsohuwar Panteka da ke Tudun Wada akwai masu walda, masu zubin alminiyam da masu injin sassaƙa ƙarfe da ke iya ƙera abin da ya ɓace daga kasuwa, kuma har yanzu ana samun dattawan bakanikai da suka koyi aiki a kan Basfa da Rodmasta. Yaransu Boxer da Keke Napep suka sani. Kowane tsohon babur da aka kawo gyara dama ce ta yaro ya ga yadda ake buɗe injin da ba shi da sarƙa, muddin maigidan nasa yana raye.

Kafin a kira kowa, mai saye ko bakanike, aikin farko na waya ne da tsumma. A Honda, lambar jiki na wuyan babur, ƙarƙashin hannu. A yawancin manyan Basfa tana gefen jiki idan aka cire murfin gefe, ta inji kuma na kan hannun da ke riƙe da tayar baya. Haruffan farko su ke faɗin samfuri: VBC na nufin Super 150, VLB Sprint, VLX kuma PX 150. A ɗauki hotonsu, a nemo rasit da tsohon lasisi a akwatin marigayi, a haɗa da duk hoton da aka ɗauke shi a kai. Kada a buga kik don a ji ko tana tashi. Injin da ya shekara ashirin a tsaye ringinsa na iya kamewa, kuma bugu ɗaya ya isa ya karya shi. A cire fulogi, a ɗiga baƙin mai a ramin, a bar shi ya kwana biyu.